Teshuka: Kalma Ɗaya, Gardamar Shekara Dubu Biyu

Yau zan ɗan taɓo tarihin wata kalmar Ibrananci, "teshuka". Sau uku kacal ta zo a Littafi Mai Tsarki: Farawa 3:16, kan Hauwa'u da mijinta, Farawa 4:7, kan zunubi da Kayinu, sai Waƙar Waƙoƙi 7:10, kan miji da matarsa.

Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, Yahudawan Iskandariya suka mai da Attaura Girkanci, suka ba kalmar ma'anar juyawa, wato mace ta fuskanci mijinta. Daga baya fassarorin Turai suka karkata ga sha'awa. A 1975 Susan Foh ta kawo sabon zance: tunda a Farawa 4:7 zunubi na neman rinjayar Kayinu, to mace ma mulkar mijinta take nema. A 2016 fassarar ESV ta Turanci ta bi wannan hanya, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2025 suka koma kan lafazinsu na da.

Abin da ya ja hankalina shi ne namu "shauƙi", wanda muka aro daga Larabci. Wasu masana sun danganta teshuka da tushensa. Foh kuwa ta ce dokar sauti ta fi kai ta ga "saƙa" ta Larabci, wato kora, irin ta makiyayi da garke.

Ka duba nauyin da ya hau kan su Likita Walter Miller na Zariya, da aka buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Bahaushe na da so, ƙauna, sha'awa, bege, marmari da kwaɗayi. Ka ce kwaɗayi, ka zargi mace. Ka ce bege, ka tausaya mata. Mai wa'azi kuwa da abin da ya tarar zai hau mumbari, ma'aurata su kai shi gida.

Mu da muke zaune da maƙwabta Kirista da Musulmi daga Nyanya har Kubwa, in mun ji an kafa hujja da kalma ɗaya a kan matan mutane, mu tambayi asalinta tukuna. A ganina, waɗanda suka ce juyawa sun fi kusa, domin a Waƙar Waƙoƙi mijin ne mai teshuka, kuma ba wanda ya ce mulki yake nema.

Allah Ya sa mu dace.