Gambela da Kaliningrad: Ƙasar da Ke Hannun Maƙwabta

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa zama a unguwar Mayo, kudu da Hartum, ya san zaman baƙunta, gama a can Bahaushe da mutumin Nuba da ɗan Kudancin Sudan suna ɗiban ruwa wuri ɗaya. Ba mutane kaɗai ke baƙunta ba. Akwai yankin ƙasa da kan tsinci kansa nesa da uwarsa, baƙi sun kewaye shi. Hartum ta taɓa riƙe irin wannan wuri.

A ran 15 ga Mayu 1902 Sarki Menelik na Biyu na Habasha ya ƙulla yarjejeniya da Ingila, ya ba gwamnatin Sudan hayar fili wanda bai wuce hekta 400 ba a bakin kogin Baro, a cikin ƙasarsa. Daga baya tashar ta kafu a Gambela. Turawan Ingila sun so su jawo cinikin yammacin Habasha zuwa kogin Nilu, domin Faransawa suna gina hanyar jirgin ƙasa daga Jibuti, wadda ta kai Addis Ababa a 1917. Da damina, sa'ad da ruwa ya cika, jiragen ruwa sukan tashi daga Hartum su bi Farin Nilu da Sobat da Baro, su kai gishiri da yadi, su komo da kofi da kakin zuma. Da rani kuwa hanya takan mutu. Sarki Menelik ya sa sharaɗi, wato ba za a yi aikin soja ko siyasa a wurin ba. Da Sudan ta sami 'yancin kai a 1956, aka mayar wa Habasha filinta a shekarar nan.

A Turai akwai wani irinsa, amma hanyarsa dabam ce. Birnin Konigsbag na Jamus ne, sojan Tarayyar Sobiyet suka ci shi a 1945, aka sa masa suna Kaliningrad a 1946. Da Tarayyar ta rushe a 1991, sai yankin ya rage a hannun Rasha, amma Lituwaniya da Foland da Tekun Baltik sun raba shi da ita. Darajarsa ita ce tashar Baltisk, wadda ƙanƙara ba ta rufe ta da hunturu, inda jiragen yaƙin Rasha suke. Foland ta shiga ƙawancen NATO a 1999, Lituwaniya a 2004. A 2022, saboda yaƙin Yukiren, Lituwaniya ta tsare waɗansu kayan da jirgin ƙasa ke kai wa yankin, mutum wajen miliyan ɗaya suka ga cewa ƙofarsu tana hannun maƙwabci.

Gambela ta rayu da ciniki, aka rabu da ita ba jini. Kaliningrad ta cika da makamai, ita da maƙwabtanta kowa yana barci da ido ɗaya.

Mu ma ƙaramin garke ne a tsakiyar waɗansu, yaƙin da ya tashi a Hartum a Afrilu 2023 kuma ya ƙara warwatsa mu. Annabi Irmiya ya rubuta wa 'yan bauta a Babila, ya gargaɗe su su nemi lafiyar garin da suke ciki, su yi masa addu'a. Wanda maƙwabta suka kewaye, zaman lafiya da su ne garunsa. Ubangiji ya ba mu wannan hikima.