Tarihin Zaman Shafuka da Yawa a Kan Saba Ɗaya

Duk shafin da aka buɗe a intanet yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda manhajar da ke cikinta ke karɓar buƙatun masu ziyara tana mayar musu da abin da suka nema, kuma wannan manhaja da na'urar da ke ɗauke da ita su ake kira saba. Sana'ar ba shafuka masauki ta taso ne cikin ja-in-ja tsakanin tsimi da aminci, domin tara shafuka wuri ɗaya yana rage kashe kuɗi, amma yana sa matsalar ɗaya ta shafi kowa.

Tim Berners-Lee ne ya rubuta saba ta farko a ƙarshen 1990 a cibiyar bincike ta CERN, a kan kwamfutar NeXT guda ɗaya da aka liƙa wa takardar gargaɗi cewa kada a kashe ta. A 1993 Rob McCool ya samar da sabar NCSA HTTPd a Jami'ar Illinois ta Amurka, kuma bayan ya bar aikin, wasu masu kula da shafuka, ciki har da Brian Behlendorf, suka tattara gyare-gyarensu suka fitar da Apache a 1995, wadda zuwa 1996 ta fi kowace saba yawan masu amfani.

Cikas na farko ya fito ne daga ƙa'idar HTTP, wato yaren da burauza da saba ke magana da shi. A tsarin farko burauza kan ambaci fayil ɗin da take so ba tare da ta faɗi sunan shafin ba, saboda haka saba ba ta gane wanda ake nema sai ta adireshin IP, lambar da na'ura ke amsawa da ita. Mai shafuka ɗari sai ya nemi adireshi ɗari, alhali adireshin IP na tsarin IPv4 duka bai wuce kusan biliyan 4.3 ba. A Janairun 1997 aka fitar da HTTP/1.1, wadda ta wajabta wa burauza rubuta sunan shafin a layin da ake kira Host, kuma da wannan layi ɗaya ne ɗaruruwan shafuka suka samu damar zama a adireshi guda, kuɗin masauki ya sauko har ƙaramin ɗan kasuwa ya iya biya.

Sai dai zaman ya zama irin na gidan haya, inda ɗan haya ɗaya kan janyo wa kowa yankewar wuta. Manhaja mai kuskure a shafi guda tana iya cinye ƙwaƙwalwar na'ura ta tsayar da sauran, ɓarawon da ya kutsa shafi ɗaya yana iya karanta fayilolin maƙwabta, kuma sauya saitin abokin ciniki ɗaya kan taɓa kowa. Wannan ya sa ƙwararru suka koma tayar da sabobi da dama a na'ura guda, kowace da fayil ɗin saitinta, da littafin ajiye kurakuranta, da iyakar izininta, da kuma tasharta, wato lambar ƙofar da take saurare, kamar 8080 ko 8081. Da yake a lokacin burauza kan je tasha ta 80 ne, sai aka ajiye wata saba a gaba ta karɓi kowace buƙata, ta duba sunan shafin, ta miƙa wa mai shi. A wannan aiki Nginx ta yi fice, wadda Igor Sysoev na Rasha ya fitar a 2004 domin ɗaukar dubban masu ziyara lokaci guda, haka ma HAProxy, mai raba nauyi tsakanin sabobi ta yadda za a cire ɗaya a gyara ba tare da shafin ya ɗauke ba.

Shafuka masu ɓoye bayanai sun daɗe suna buƙatar adireshinsu na kansu, domin saba kan nuna takardar shaidarta kafin ta ga layin Host. An warware wannan a 2003 da tsarin SNI, wanda ke sa burauza ta faɗi sunan shafin tun kafin saba ta nuna takardar shaidarta, amma burauzar Internet Explorer a kan Windows XP ba ta fahimce shi ba, lamarin da ya jinkirta karɓuwarsa har bayan hukumar IANA ta raba ragowar adireshin IPv4 a Fabrairun 2011.

Hayar sabobi ta Amazon EC2 a 2006, da manhajar Docker a 2013, da ta Kubernetes a 2014 sun sa tayar da saba keɓaɓɓiya ya zama aikin daƙiƙoƙi. Duk da wannan sauƙi, nauyin yana nan a wuyan mai kula da saba, domin kafin ya ajiye shafin asibiti ko na makaranta kusa da wani, wajibi ne ya san shafukan da za su faɗi tare idan ɗaya ya faɗi, tun da amanar mutane ce aka damƙa masa.