Ɗigo shida: yadda makaho ya samu benci a aji, da abin da benci bai iya yi masa

Yanzu ana yawan maganar lakwal ta kowa da kowa, wadda mai gani da makaho, mai ji da kurma, za su zamna aji guda su bi tsarin karatu guda. In an tada zancen sai ka ji kamar jiya aka ƙirƙiro shi a wani ofishi na Yamai. Alhali ya haura shekara ɗari biyu ana kai da komo a kansa. Zan bi zaren makafi kaɗai, don shi ne ya fi nuna cewa ba yaro benci abu ne mai sauƙi, ba shi hanyar karatu da rubutu kuwa nan wuyar take.

Mu nan ƙasar Hausa mun san makaho a makaranta tun kafin Nasara ya zo. A makarantar allo yaro makaho yakan zamna cikin sa'o'insa, malam ko wani gardi ya biya masa, shi kuma ya riƙe da ka. Karatun na kunne ne da baki, shi ya sa bai rasa komi ba sai wanke allo da rubutawa. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Infiraji, makaho ne, kuma har gobe ana rera baitocinsa daga Kano zuwa Damagaram. Amma kada mu yi ma kanmu daɗin baki: mafi yawa hanyar da al'umma ta buɗe masu ita ce ta bara, ƙarƙashin Sarkin Makafi, da ɗan jagora riƙe da sanda, wanda shi ma karatunsa ya tafi ke nan.

Boko kuwa karatun ido ne: tabulo, kaye, littafi, taswira. Tarihin lakwal ta makafi ya faro ne a birnin Pari. A 1771 wani mai fassara, Valentin Haüy, ya ga abin da ya tada masa hankali a wata kasuwar baje koli. An jera makafi a dandali, an sa masu huluna na wauta da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa suna ta kwaramniya, jama'a na ƙyaƙyata dariya. Abin ya zamna masa a rai. A 1784 ya ɗauko wani saurayi makaho mai bara a ƙofar coci, François Lesueur, ya fara koya masa karatu. Dubi dabararsa: ya riƙa biyan yaron kuɗin da zai samu in da ya fita bara, don ya san gidansu da wannan kuɗin suke ci. Tallafin ɗalibi na farko a wanga tarihi ke nan, kuma na aljihu ne. Ba a jima ba ya buɗe lakwal ta yara makafi, a ƙarshen 1786 ma ɗalibansa suka nuna karatunsu gaban sarki Louis na 16 a fadar Versailles.

Mi ake koyarwa a can? Nahawu, tarihi, labarin ƙasa da lissafi, amma rabo mai tsoka na kiɗa ne da sana'ar hannu, irin su saƙa da kwando. An yanka tsarin karatun daidai da abin da masu gani suka zaci makaho zai iya ci da shi. Littattafan kuma baƙaƙen boko ne na yau da kullum, manya-manya, da aka danna a takarda mai kauri har suka yi tudu. Yatsa na bin su ɗaya bayan ɗaya, kafin ka kai ƙarshen jimla ka manta farkonta. Babbar matsalar ma, ɗalibi na iya lalube ya karanta, amma bai da halin rubuta abin da zai dawo ya karanta da kansa.

Louis Braille an haife shi a 1809 a ƙauyen Coupvray. Ubansa baduku ne mai ɗinkin sirdi da linzami. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da wani tsinken aiki a rumfar uban, ciwon ya harbi ɗayan idon, ya makance ƙurmus. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, lakwal ɗin da ya fara shiga ta ƙauyensu ce, tare da yara masu gani. Limamin cocin garin da mushen lakwal ne suka yarda ya zamna ya saurara. Ya kuwa yi fice da kaifin ƙwaƙwalwa. Ga benci, ga abokai, ga malami mai kirki, amma babu littafi babu alƙalami. Dole a 1819, yana ɗan shekara goma, aka kai shi Pari, lakwal ɗin da Haüy ya kafa.

A 1821 aka shigo da wani tsarin rubutu na wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, wanda ake huda takarda a yi ɗige-ɗige masu tudu. Yara sun so shi don yatsa ya fi jin ɗigo bisa ga layi. Sai dai gidan harafi guda na kaiwa ɗigo goma sha biyu, ya fi ƙarfin kan yatsa, kuma sauti yake rubutawa, babu ƙa'idar rubutu, babu lambobi. Braille ya zamna da abin dare da rana. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya rage gidan zuwa ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, waɗanda ke ba da siffofi 63. Da su ya fitar da baƙaƙe da alamomin tsayawa, daga baya lambobi da rubutun kiɗa. Ya buga littafinsa a 1829, ya gyara shi a 1837.

Kuna zaton an rungume shi? Ina! A 1840 aka yi sabon darakta, Pierre-Armand Dufau, ya hana amfani da rubutun a lakwal ɗin. Hujjar masu wannan ra'ayi tana da daɗin ji: wai in makafi suka yi rubutunsu na daban za su ware daga sauran jama'a, gara su bi baƙaƙen da kowa ke bi. A ganina akwai wata hujja a ƙasa wadda ba a faɗa ba, ita ce malamai masu gani ba su son koyon abin da ɗalibansu suka fi su iyawa. Yaran dai ba su bari ba, suka ci gaba da huda takarda a ɓoye, manya na koya ma ƙanana. A 1844, wajen bukin buɗe sabon ginin lakwal ɗin, aka gwada rubutun gaban baƙi, yaro ya rubuta, wani yaron da bai ji abin da aka faɗa ba ya shigo ya karanta. Duk da haka sai 1854 hukuma ta amince da shi, shekara biyu bayan tarin fuka ya kashe Braille.

Daga nan aka yi shekaru masu yawa ana gina ma makafi lakwal tasu ta daban. Haka abin ya iso yankinmu: ƴan mishan sun buɗe ta Gindiri a Najeriya a 1953, mu kuma a Yamai akwai ta Soli Abdurahaman tun wajen ƙarshen shekarun 1970. Irin waɗannan wurare sun ba yara ɗigon Braille, sun raba su da gidajensu, kuma ba su taɓa isar kowa ba. Juyin ya zo daga baya. Italiya ta yi doka a 1977 ta rushe azuzuwan ware, ta sa malamin tallafi cikin aji na kowa, ta kuma ce a matakin kolej ajin da ke da irin wannan ɗalibi kada ya wuce mutum ashirin. A 1994 gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sipaniya suka amince lakwal ce za ta daidaita kanta da yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta zo a 2006, Nijar ta tabbatar da ita a 2008.

To mutum ashirin a aji, ku da kuka yi siziyam a CEG kun san inda muke. Kuma a kolej ne abin ke ƙullewa. A firamare mushe ɗaya ne ke riƙe da aji shekara guda, in ya koyi Braille an wuce wurin. A siziyam kuwa kowace awa wani malami ne ke shigowa, ya cika tabulo, ya ce «ku dubi nan», ya fita. Ɗalibi makaho na zaune da allonsa na ƙarfe ko na roba da ɗan tsinkensa, yana huda daga dama zuwa hagu, don in ya juya takardar ya karanta daga hagu zuwa dama. In babu na kusa da shi mai karanto masa tabulo a hankali, awar ta tafi a banza. Littafin da kai ke naɗewa ka sa a aljihu, nasa kundi-kundi ne, in ma an buga shi.

Faransanci da tarihi da sauƙi, har é da è da ê kowane da gidansa, ana iya yi masa dikte kamar kowa. Lissafi ne da kimiyya ke son aiki. Abin da muke rubutawa sama da ƙasa, kamar kason lamba, a Braille layi guda yake bi, sai an koya masa alamominsa. Zanen alwatika da da'ira da taswira sai an yi su da tudu, ko da zare da gam ne a kan kwali. Nan ne ake jin kalmar nan mai kama da tausayi: «a yafe masa». A yafe masa zane, a yafe masa gwajin kimiyya, in ya samu BEPC a tura shi seri A ko yana so ko bai so. Wannan yafewar ita ce kwandon zamanin Haüy da ya sake riga. Nicholas Saunderson, wanda agana ta makantar tun yana jinjiri, ya zama farfesan lissafi a jami'ar Kambirij ta Ingila a 1711, har ilimin haske ya koyar. Seri C da D ba su fi ƙarfin makaho ba, kayan aiki da mai koyarwa ne ke ƙaranci.

Wasu za su ce ai yanzu ga salula mai magana, ga manhajar NVDA ta kyauta da wasu makafi biyu ƴan Ostareliya suka fara a 2006, wadda ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta. Gaskiya ne, sun taimaka ƙwarai. Sai dai kunne bai nuna maka inda ake ninka harafi, kuma ranar jarrabawa ƙa'idar rubutu ake dubawa.

Ranar jarrabawar ma tana da nata sarƙar. Sai an juya tambayoyin zuwa Braille tun kafin a buɗe ambulan, ba tare da sun fita ba. Sai an ƙara lokaci, a Faransa kashi ɗaya cikin uku ake ƙarawa, don yatsa bai kai ido sauri ba. In ɗalibi ya gama ya miƙa takardarsa, mai gyara bai ganin komi cikinta sai ƙuraje-ƙuraje farare. Sai wani wanda ya iya rubutun biyu ya zamna da bik, ya bi layi-layi ya rubuta abin da yaron ya huda, da daidansa da kurensa, bai ƙara ba bai rage ba. In kolej ba ta da wannan mutum, takardar na nan cikin durowar darakta har a kafa sakamakon sauran aji.