Bertha Navarro: Sunan da Ke Wucewa Bayan Mun Tashi

Galibinmu masu kallon fim, da zarar labari ya ƙare sunaye suka fara hawa allo, sai mu kashe waya. Jarumi muke riƙewa, in mun yi ƙoƙari mu haɗa da darakta. Furodusa kuwa, wanda ya yi fafutukar neman kuɗi, ya tara ma'aikata, ya ci bashi, ba mu cika tambayar ko waye ba. Shi ya sa ko a cikin masu son fina-finan Guillermo del Toro kaɗan ne suka san Bertha Navarro, matar da ta tsaya masa tun ba a san shi ba.

An haife ta a birnin Meziko a 1943. Ta shiga harkar fim a shekarun 1960, lokacin da masana'antar ƙasar ta zama tamkar gidan gado: ƙungiyoyin ma'aikata sun tsare ƙofa, sabon darakta sai ya yi da gaske kafin a ba shi dama. A wannan zamanin ne kuma, ranar 2 ga Oktoba 1968, kwana goma kafin buɗe gasar Olamfik a birnin, sojoji suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta a dandalin Tlatelolco. Matasan da suka ɗauki kyamara a wancan lokaci ba su ƙara yarda da labarin da gwamnati ke bayarwa ba, kuma Bertha tana cikinsu.

Babban aikinta na farko shi ne Reed, México insurgente, wanda ya fito a 1973, a kan ɗan jaridar Amurka John Reed da ya bi dakarun Pancho Villa lokacin juyin juya halin Meziko. Da ƙaramar kyamara mai faifan milimita 16 aka ɗauke shi, a wajen tsarin manyan kamfanoni, amma ya samu kyautar Georges Sadoul a Faransa. Daraktansa, Paul Leduc, shi ne mijinta a lokacin. 'Yarsu Valentina Leduc ta zama edita mai suna a ƙasar. Ƙanen Bertha kuma, Guillermo Navarro, wanda ta girma da shekara goma sha biyu, a wajen aikinta ya fara riƙe kyamara yana yaro. Sau da yawa in an ce gidan 'yan fim, uba ne ya kafa 'ya'ya suka gada. A wannan gidan yaya mace ce ta share hanya.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne wajen ɗaukar Cabeza de Vaca na Nicolás Echevarría, wanda ya fito a 1991. Cikin masu yi wa 'yan wasa kwalliyar rauni da kamanni akwai wani saurayi ɗan Guadalajara, del Toro, wanda ke yawo da rubutaccen labari a kan wani tsoho mai sayar da kayan tarihi da ya tsinci na'ura mai ba da tsawon rai, amma tana sa ƙishin jini. Masu raba kuɗin fim na hukuma ba su ɗauki labarin dodanni a matsayin fasaha ba. Bertha ta karɓa. Aka kashe kimanin dala miliyan 2, kuɗi mai yawa ƙwarai a Meziko ta lokacin, a kan yaron da bai taɓa yin dogon fim ba, ƙanenta Guillermo ya ɗauki hoto. Cronos ya ci kyauta a Cannes a 1993, ya kuma kwashi Ariel tara, wato babbar lambar fim ta Meziko. A ganinmu wannan kasada ita ce mafi girman abin da ta yi, domin a ranar da ta ce "to", ba ta da wata shaida sai takarda da kuma yarda da idonta.

Daga baya suka kafa kamfanin Tequila Gang tare da wasu abokai. Ta yi aiki a El espinazo del diablo na 2001 a Sifaniya, ta kuma tsaya wa Sebastián Cordero ɗan Ekwado a fim ɗinsa Crónicas. Sai El laberinto del fauno a 2006, labarin yarinya Ofelia a Sifaniya ta 1944 ƙarƙashin mulkin Franco. An sa shi takarar Oscar a fanni shida, ya ci uku a 2007, ɗaya a hannun ƙanenta saboda ɗaukar hoto. Ita ba ta hau dandamali ba, kambun fim ɗin harshen waje ya tafi Jamus. Sai a 2015, tana da shekara saba'in da ɗoriya, ƙasarta ta ba ta Ariel na zinariya saboda aikin rayuwarta. Mu dai muna ganin an makara.

Wanda ya kai wannan matsayi yana iya hutawa. Ita kuwa sai ta koma inda ta faro. A daren 26 ga Satumba 2014, a garin Iguala na jihar Guerrero, 'yan sanda suka far wa ɗaliban kwalejin horar da malamai ta Ayotzinapa, aka tafi da 43 daga cikinsu. Ita da del Toro suka shirya fim na gaskiya a kan lamarin, Ayotzinapa, el paso de la tortuga, wato tafiyar kunkuru, wanda Enrique García Meza ya ba da umarni, ya fito a 2018. A ciki iyaye da ɗaliban da suka tsira ne ke magana da bakinsu. Motocin bas ɗin da yaran suka je nema a Iguala a wannan dare, na zuwa birnin Meziko ne, domin taron tunawa da waɗanda aka kashe a Tlatelolco a 1968.