A Kori Koci: Tarihin Wani Fushi Daga Boston Zuwa Kano

Ranar Asabar 18 ga Yuni, 2005, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya cika maƙil. Super Eagles ce ke karɓar baƙuncin Angola a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya da za a yi a Jamus. Wasa bai yi nisa ba Jay-Jay Okocha ya zura ƙwallo a raga, fili ya kaure da sowa, mutane suka fara lissafin ko nawa za a ɗura wa baƙin kafin a tashi. Ƙwallo ta biyu ba ta zo ba. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci Figueiredo ya farke wa Angola, aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya.

Kafin 'yan kallo su gama watsewa an riga an samu masu laifi. Wasu suka ce zafin ranar Kano ne ya narkar da 'yan wasan da suka saba da sanyin Turai, don haka laifin wanda ya kawo wasan Kano ne, wato shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa na lokacin, Alhaji Ibrahim Galadima, wanda Bakano ne. Mafi yawa kuwa koci suka nuna da yatsa. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da Christian Chukwu, aka miƙa ragamar ga Augustine Eguavoen. Sabon kocin ya yi abin da aka ɗauko shi ya yi: ya je Oran ya doke Aljeriya da ci 5 da 2, ya dawo Abuja ya lallasa Zimbabuwe da ci 5 da 1. Duk da haka Angola ce ta tafi Jamus. Ƙasashen biyu sun gama da maki 21 kowacce, kuma Najeriya ta fi yawan ƙwallaye nesa ba kusa ba, amma dokar gasar ta ce sakamakon haɗuwarsu za a fara dubawa. Angola ta ci ɗaya mai ban haushi a Luwanda a watan Yunin 2004, wasan da manyan 'yan wasan Najeriya da dama ba su je ba, sannan ta ƙwaci maki a Kano.

Makonni biyu kafin wasan Kano, wannan tawagar ta yi canjaras da Ruwanda a Kigali, inda babu wanda ya yi kukan zafi. Ba a cika tunawa da wannan ba. Abin da ya zauna a zukata shi ne ƙwallon Figueiredo, da kuma maganar da aka ruwaito daga bakin Galadima, cewa zuwa gasar cin kofin duniya ba gadon Najeriya ba ne. Maganar gaskiya ce, amma ta faɗo a ranar da ba mai son jin ta.

Asalin wannan ciwo ya girmi wasan Kano da shekara goma sha ɗaya. A 1994 Najeriya ta je Amurka da tawagar da har yau ake kafa misali da ita. Ta ɗauko kofin Afirka a Tunisiya a watan Afrilu, FIFA ta sa ta a matsayi na biyar a duniya, kuma kocinta Clemens Westerhof, mutumin Holan, yana tare da ita tun 1989. A gabanta akwai 'ya'yan Kaduna biyu, Rashidi Yekini da Daniel Amokachi. Ta ci Bulgeriya 3 da nema, ta ci Girka 2 da nema, ta zama ta ɗaya a rukuni. Ko a wasan da Ajantina ta doke ta, Samson Siasia ne ya fara ci kafin Claudio Caniggia ya rama da biyu. Alamar ta bayyana tun a nan, murna ce ta hana a lura.

Ranar 5 ga Yuli aka haɗu da Italiya a filin Foxboro, kusa da Boston. Finidi George ya bugo kwana, ƙwallo ta bugi Paolo Maldini ta faɗo gaban Emmanuel Amuneke, ya tura ta raga. Sai abubuwa suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Amokachi ya ji rauni tun kafin hutu, aka sa Mutiu Adepoju. Amuneke ma ya fita da rauni bayan hutu, aka sa Thompson Oliha. An cire 'yan gaba biyu, an sa 'yan tsakiya biyu, Yekini ya zama shi kaɗai a gaba yana jiran ƙwallon da ba ta isowa. A minti na 75 alƙalin wasa ya ba Gianfranco Zola jan kati, Italiya ta koma mutum goma. Najeriya na gaba da ci ɗaya, tana da rarar mutum ɗaya, saura kwata a tashi. Maimakon ta nemi ta biyu ta kashe wasan, sai ta koma riƙe ƙwallo da 'yan ba-ni-in-ba-ka. A minti na 88 Roberto Mussi ya kutso ta dama ya miƙa wa Roberto Baggio, shi kuma ya shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa ta gefen Peter Rufai. A ƙarin lokaci Eguavoen ya kayar da Antonio Benarrivo a cikin da'ira, Baggio ya ci fenareti.

Har yau in hira ta biyo ta kan wannan wasa a majalisa, ba a rasa dattijon da zai girgiza kai ya ce saura minti biyu fa. Masu zargin Westerhof suna da hujja mai ƙarfi: wanda ke da rarar mutum bai kamata ya koma baya yana jiran busa ba. Masu kare shi su ma ba su rasa ta cewa ba. Canjin biyu rauni ne ya tilasta su, kuma canjin 'yan fili biyu kacal doka ta yarda da shi a wancan lokaci. Shi kansa Westerhof ya sha faɗa daga baya cewa ya so ya ɗauke tawagar daga otal ɗin da take zuwa wani wuri mai natsuwa kafin wasan, 'yan wasa suka ƙi, jami'ai kuma ba su mara masa baya ba. Bayan wannan wasa bai sake jagorantar Super Eagles ba. Tun daga ranar kuma ɗan kallon Najeriya ya daina yarda da ci ɗaya, kome ƙarancin lokacin da ya rage.

Abin da ya ƙara wa fushin kaifi shi ne 'yan Najeriya sun san daɗin kishiyar wannan hali. A Dammam ta Saudiyya a 1989, tawagar matasa ta Flying Eagles ta farke ƙwallo huɗu da Tarayyar Sobiyet ta zura mata, ta yi nasara a bugun fenareti. A gasar Olamfik ta 1996 Burazil na gaba da ci 3 da 1, Nwankwo Kanu da abokansa suka juya wasan ya koma 4 da 3. Mutanen da suka ga wannan da idonsu ba za su yarda cewa rashin gwanaye ne ke kayar da su ba. In gwanaye na nan, to wanda ke tsara su ne bai iya ba. Haka hankali ke lissafawa, kuma ba kullum lissafin ke kuskure ba.

Shekarun 2000 sun kawo wani sauyi. Gidajen kallon ƙwallo suka bazu a unguwanni, daga Fagge zuwa Tudun Wada, matasa suna biyan 'yan kuɗi kaɗan suna kallon gasar Ingila da ta Sifaniya duk ƙarshen mako. Wanda ya shekara yana ganin yadda José Mourinho ke kulle wasa in ya ci ɗaya, da yadda Alex Ferguson ke ɗauko mutum daga benci ya sauya sakamako, ya samu ma'aunin da zai auna kocin ƙasarsa. Ƙorafin ya tashi daga "ba mu da sa'a" ya koma "bai iya canji ba," "ya makara," "me ya sa ya cire wancan ya bar wannan?" Ɗan kallo ya ƙaru da ilimin wasa sosai, kuma raina wannan ilimi rashin adalci ne.

Misalan da suka ba shi gaskiya suna da yawa. A gasar Afirka a Akara a 2008, Yakubu Aiyegbeni ya fara ci, Gana ta farke, aka kori kyaftin ɗinta John Mensah, amma da mutum goma Junior Agogo ya ci ta biyu saura 'yan mintoci; koci Berti Vogts ya tafi. A Abuja a watan Oktoban 2011, Gini ta farke ana daf da tashi, Najeriya ta rasa gurbin gasar Afirka, aka sallami Siasia, wanda shi ne koci a lokacin. Wani lokacin kuma fushin kan tsallake koci ya sauka kan ɗan wasa. A Afirka ta Kudu a 2010 Kalu Uche ya sa Najeriya gaba a wasa da Girka, sai Sani Kaita, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya kai wa Vasilis Torosidis ƙafa a bakin layi, ya karɓi jan kati a minti na 33. Girka ta ci biyu. Kaita ya nemi gafara a bainar jama'a, duk da haka aka yi ta aika masa saƙonnin barazanar kisa. Ya yi kuskure babba, wannan ba a musu. Amma yi wa ran mutum barazana saboda wasa abin kunya ne, kuma ɓacin rai bai wanke wanda ya aikata shi ba.

Kaduna ma ta ga nata. Ranar 25 ga Maris, 2016, aka buɗe ƙofofin filin Ahmadu Bello kyauta don wasa da Masar. Jama'a suka ninka abin da filin zai iya ɗauka, wasu suka ɗare turakun fitilu, wasu allon sakamako, har hukumar CAF ta ci tarar Najeriya daga baya. Oghenekaro Etebo ya ci a minti na 60. Ana shirin fita da murna Ramadan Sobhi ya zura wa Mohamed Salah ƙwallo tsakanin 'yan baya, ya farke a minti na ƙarshe. Wa ke kan benci a ranar? Siasia ne dai, wanda aka kora a 2011, aka sake kiransa riƙon ƙwarya saboda Sunday Oliseh ya ajiye aiki wata guda kafin wasan, yana ƙorafin rashin biyan albashi da saɓa yarjejeniya. Mutumin da aka ba 'yan makonni ya haɗa tawaga shi aka tsare da tambayar me ya sa 'yan baya ba su fahimci juna ba.

A nan ne tarihin ya fi ban takaici. Shuaibu Amodu ya samo wa Najeriya gurbin gasar duniya ta 2002 da ta 2010, kuma sau biyun an ture shi kafin a tafi, bayan ya zo na uku a gasar Afirka. Waɗanda aka maye gurbinsa da su, Adegboye Onigbinde da Lars Lagerbäck, ko wasa ɗaya ba su ci ba a gasannin biyu, kuma dukansu sun fara cin ƙwallo an juye musu: Onigbinde a hannun Suwidin, Lagerbäck a hannun Girka. Stephen Keshi ya ɗauko kofin Afirka a 2013, amma a shekarar nan ya yi watanni yana bin hukuma bashin albashi. Korar koci ta zama hanya mafi sauƙi da hukuma ke kashe wutar da za ta iya cin ofishinta. Jama'a su yi ihu, a miƙa musu mutum ɗaya, su huce, ba wanda ya sake tambayar kuɗin alawus, ko sansanin horo, ko wasannin sada zumunta da ba a shirya ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba wai koci ba ya laifi ba. Ranar 13 ga Nuwamba, 2020, a Birnin Benin, Najeriya ta zura wa Saliyo huɗu cikin rabin sa'a: Alex Iwobi biyu, Victor Osimhen ɗaya, Samuel Chukwueze ɗaya. Kwame Quee ya rage ɗaya kafin hutu, sannan cikin minti ashirin na ƙarshe Alhaji Kamara ya ci biyu, Mustapha Dumbuya ya ci ɗaya, aka tashi 4 da 4. Babu zafin rana ko alƙalin wasa da za a jingina wa wannan. Tawaga ta saki jiki, tsakiya ta buɗe, kuma koci Gernot Rohr yana tsaye a bakin layi bai samo maganin abin ba. Duk wanda ya fusata a wannan dare yana da gaskiya. Sai dai hukuma ba ta ɗauki mataki a lokacin da akwai sararin gyara ba. Ta jira har Disambar 2021, saura makonni huɗu a fara gasar Afirka a Kamaru, sannan ta kore shi, daga baya kuma FIFA ta umarce ta ta biya shi haƙƙinsa.

Koci José Peseiro ya kai Najeriya wasan ƙarshe na gasar Afirka a Abijan ranar 11 ga Fabrairu, 2024. William Troost-Ekong ya ci da ka kafin hutu, tawaga ta koma baya tana tsaron gida, Franck Kessié da Sébastien Haller suka ci wa Kwaddibuwa. A wannan karon Iwobi ne ya sha zagi a kafafen sada zumunta, har ya goge hotunansa daga Instagram. Peseiro ya tafi, aka naɗa Finidi George. A watan Yuni Raphael Onyedika ya fara ci a wasa da Jamhuriyar Benin, aka juye wasan ya koma 2 da 1, kuma kocin Benin a ranar Rohr ne. Finidi ya ajiye aiki cikin 'yan kwanaki.

Éric Chelle, tsohon kocin Mali, shi ne na uku da ya ja ragamar neman gurbin gasar duniya ta 2026. A Uyo a watan Maris na 2025 Osimhen ya ci Zimbabuwe, Tawanda Chirewa ya farke a minti na 90. Da ƙyar aka samu shiga wasannin cike gurbi a Rabat ta Maroko a watan Nuwamba, inda 'yan wasa suka ƙaurace wa atisaye kwana biyu kafin karawa da Gabon saboda bashin alawus da suke bin hukuma. Sun dawo sun doke Gabon 4 da 1 a ƙarin lokaci. Ranar 16 ga wata Frank Onyeka ya ci Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a minti na 3, Meschack Elia ya farke kafin hutu, Kwango ta yi nasara da ci 4 da 3 a bugun fenareti, Najeriya ta rasa gasar duniya karo na biyu a jere.