Ludmila: Abin da Ya Raya Sunan

Sunan Ludmila, wanda ake raɗa wa 'ya'ya mata a ƙasar Cek, haɗin kalmomi biyu ne daga tsohon harshen al'ummomin Silab: "ljud", wato jama'a, da "mil", wato abin so. Ma'anarsa ke nan abar ƙaunar jama'a. Irin wannan haɗin suna ya girmi zuwan Kiristanci yankin Bohemiya na ƙasar Cek. Amma abin da nake son tabbatarwa shi ne, ba daɗin fassarar ne ya riƙe sunan sama da shekara dubu ba, tarihin matar da ta amsa shi ne.

Ludmila ita ce matar Borivoj, sarkin Bohemiya na farko da ya karɓi Kiristanci, kuma ita ta yi renon jikanta Vaclav, wanda Cekawa suka ɗauka waliyyin ƙasarsu. Rigimar mulki ta shiga tsakaninta da matar ɗanta, Drahomira, har aka aika mutane suka shaƙe ta a Tetin a shekarar 921. An ce da mayafinta suka yi amfani, shi ya sa masu zane suke nuna ta da mayafi a wuya. Daga baya Vaclav ya mayar da gawarta cocin Waliyyi Jiri da ke fadar Prag. Har yau ranar 16 ga Satumba ce ranar sunanta a kalandar Cek, inda ake kai wa duk wata Ludmila, ko Lida ko Lidka a taƙaice, furanni. Dubi kuma sunan Drahomira: ya haɗa "mai daraja" da "salama", ma'anar da ba ta gaza ta Ludmila ba, amma mai karanta tarihin Bohemiya kisan Tetin yake fara tunawa.

Wani zai ce ai sunan ya bazu a Rasha ne ta hanyar waƙar marubuci Pushkin, Ruslan da Ludmila, ta 1820, ba don Ludmila ta Bohemiya ba. Gaskiya ne, sai dai wannan ma ƙarfafa hujjar yake yi, domin can ɗin ma labari ne ya jawo hankalin iyaye, ba binciken tushen kalma ba. Saboda haka duk mai nazarin sunaye da ya tsaya ga fassara, ya bar tarihin masu sunan, rabin aiki ya yi.