Nawa Ake Kashewa Wajen Sulhun Ma'aurata A Makka?

Tun da aka fara sa ni cikin dattawan da ake kira idan aure ya fara tangal-tangal a unguwarmu, tambayar da aka fi yi mini ita ce: Malam, nawa za mu tanada in za mu je sulhu wurin hukuma? Wasu ma daga Kano ko Maraɗi suke bugo waya, 'yarsu tana aure a Shara Mansur ko Masfala ko Hindawiyya, sun ji an ce magana ta kai gaban alƙali, hankalinsu ya tashi. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani a nan domin amfanin kowa.

Zaman sulhun kansa kyauta ne. Ma'aikatar Shari'a ta Saudiyya tana da cibiyar sulhu mai suna Markazul Musalaha, wadda aka kafa a 2013, kuma yanzu ana iya yin zaman ta intanet a dandalinta mai suna Taradhi, mai sulhu ya haɗa miji da mata ta waya kowa yana inda yake. Ba a karɓar ko riyal ɗaya a hannunsu. Haka ita ma kotun. Gaskiya ne a watan Maris na 2022 dokar kuɗin shari'a ta fara aiki, wadda ta ce mai ƙara zai iya biyan har kashi 5 cikin 100 na abin da yake nema, amma dokar ta ware shari'o'in aure da saki da ciyarwa da riƙon 'ya'ya, ba a biya a kansu sai in mutum zai kai ƙorafi kotun ƙoli ko ya nemi a sake duba hukuncin da ya riga ya tabbata. Lauya kuma ba dole ba ne. Wanda ya ɗauka, tsakaninsu ne da shi.

Kada a ɗauka sulhun zaɓi ne. Tun 2020, idan akwai 'ya'ya tsakani, ba a wuce wa kai tsaye ga alƙali, sai an fara tura ma'auratan cibiyar sulhu. In an daidaita, falillahil hamdu. In rabuwar ta zama dole, a nan za a nemi su yi yarjejeniya kan wa zai riƙe yara, nawa ne kuɗin ciyarwa, da ranakun ziyara.

To ina kuɗin yake tafiya?

Na farko, takardu. Ba ka shiga Taradhi ko Najiz, wato shafin kotuna, sai da lambar iƙama. Sannan sai an ga shaidar aure. Wanda aka ɗaura masa aure a gida Nijeriya ko Nijar, sai takardar ta bi ta ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa da ofishin jakadancin Saudiyya an buga mata hatimi, a kuma fassara ta zuwa Larabci a ofishin fassara mai lasisi, kuma kowane mataki da kuɗinsa, ga na ɗan aike. Wanda kuwa aka ɗaura masa a nan Makka a falon wani malami ba rubutu, sai ya fara neman kotu ta tabbatar da auren da shaidu kafin a zo maganar rabuwa. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan uwanmu da ba su da iƙama, wasunsu a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu. Su wannan hanya ta kyauta a rufe take gare su, kuma matan ne suka fi shan wahalar hakan.

Na biyu, kuɗin hul'i, kuma a nan ne aka fi cutar mata. Wata yarinya ta taɓa zuwa gidana da yamma, ta ce: “Kawu, sun ce sai na biya sadaki da kuɗin lefe da tikitin jirgin da ya kawo ni, kuma in bar masa yaran, sannan zai ba ni takardata.” Mahaifinta a gida har ya sa gona a kasuwa. Na ce ta dakata. Dokar zamantakewar iyali da aka fitar a 2022 ta hana a sa haƙƙin 'ya'ya ko riƙonsu cikin fansar hul'i. Kuma idan saɓani ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kotu tana naɗa masu sasanci biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 35, ta ba su wa'adin da bai wuce kwana 60 ba. In suka yanke a rabu da fansa, abin da matar za ta biya ba zai haura sadaki ba. Da dangin mijin suka ji haka, lefe da tikiti suka fita daga lissafi, gona ta tsira.

(Wani abin da mutanenmu 'yan Malikiyya ba su saba da shi ba: a wannan doka, saki uku a kalma ɗaya ko a zama ɗaya, ɗaya ake ƙirga shi. Na ga auren da aka ɗauka ya mutu murus, ashe da sauran kome.)

Na uku shi ne wanda masu sulhu na unguwa suke mantawa, wato kuɗin iƙamar iyali. Tun Yulin 2017 baƙo mai aiki a kamfani yana biyan haraji kan duk wanda ke ƙarƙashinsa. An fara da riyal 100 a wata, ya kai riyal 400 a Yulin 2020. Wato kowane yaro riyal 4,800 a shekara, yara uku 14,400, ban da haya da abinci. Matar kuma da take zaune a kan iƙamar mijinta, da zarar an rabu zamanta ya shiga wani hali. Duk sulhun da bai faɗi wa zai biya wannan kuɗi ba, bai ƙare ba, bayan wata shida za a sake kiranmu.

Sulhunmu na dattawa ba na raina shi, ni ma a cikinsa nake, kuma abin da yake ci bai wuce shayi da shinkafa da kuɗin mota ba. Aibinsa ɗaya: ranar da miji ya daina aiko da kuɗin ciyarwa, babu inda matar za ta kai takardarmu. Takardar da cibiyar sulhu ta rubuta kuwa, kotun zartarwa tana aiki da ita kamar hukuncin alƙali, ba sai an sake shari'a ba. Don haka shawarata kullum, a gama magana a gida, sannan a je a rubuta ta a can. Shi ma mijin a tuna masa doka ta ba shi kwana 15 bayan rabuwar ta tabbata ya yi rajistar sakin. In ya ɓoye, matar ba ta sani ba, tana da haƙƙin neman diyya. Tun Janairun 2019 kuma ana tura wa mace saƙo a wayarta idan an rubuta sakinta.

'Yan uwanmu na Ingila, ku lura naku daban ne: a can tun 2014 ana buƙatar mutum ya fara ganin mai sulhu kafin ya kai irin wannan ƙara, kuma yawanci biya ake yi, sai dai daga 2021 gwamnati ta fara taimaka wa masu rikicin yara da fam 500.

Wanda takardunsa na gida suke da gyara, ya fara da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Jidda, Nijeriya da Nijar duk suna da shi, kuma ya tabbata sunan da ke takardar aure shi ne a fasfo da iƙama, domin harafi ɗaya kan sa a mayar da mutum baya.